Senegal: yaushe mota ke iya bin bakin teku?

Tsakanin Dakar da Saint-Louis, rairayin bakin teku kan zama hanyar mota, amma ba kullum ba. Ruwan teku na hawa ya janye sau 2 a rana. Direbobi kan jira ya janye, su rage iskar taya, su bi jiƙaƙƙen rairayi mai tauri. Motar da ta kafe har ruwa ya dawo, sai dai haƙuri.

Daga Disamba zuwa Maris, manyan igiyoyin ruwa daga arewa kan cinye gaɓa, hanya ta matse. Da damina, Yuli zuwa Oktoba, hanyoyin shiga ke cika da ruwa. Mayu da Yuni sun fi sauƙi.