Ɗanki Yana Karanta Turanci, Ko Hadda Kawai Yake Yi?

Uwargida, yau idan yaronki ya dawo daga makaranta ya ci abinci, ki ce ya ɗauko littafin Turancinsa. Buɗe shafin da ba a kai ba tukuna a aji, ki rufe hoton da tafin hannunki, ki ce ya karanta miki layi biyu. Ko ba kya jin Turanci ba komai. Idan ya gama, ki tambaye shi da Hausa: "To, me aka ce?" Amsar da zai ba ki ta fi katin sakamakon ƙarshen zango faɗa miki gaskiya.

A Kanya Babba da ƙauyukan da ke kewaye da ita a Ƙaramar Hukumar Babura, haka ma Kazaure, Roni da Gwiwa, yawancin yara da Hausa suke shiga aji ɗaya. Ita ce ta gida, ta kasuwa, ta wajen wasa. Ɗan ruga kuwa Fulatanci ya sha a nono, Hausa ce ta biyu, Turanci na uku, ga Larabci yana jiran kowa a Islamiyya. Turanci sai a allon makaranta ake haɗuwa da shi. Amma shi ne mai gadin ƙofa: ba a shiga jami'a sai da kiredit ɗin Turanci a WAEC ko NECO, kuma duk mai zana JAMB dole ya amsa tambayoyin Turanci, ko likita yake son zama ko injiniya.

A Amurka, ranar rajista ake ba iyaye takarda su faɗi harshen da ake yi a gidansu, sannan a gwada yaron, a ware masa ƙarin darasi idan yana buƙata. Tun 1974 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci, a ƙarar wasu ɗalibai 'yan asalin Sin a San Francisco, cewa ba a yi wa yaro adalci ba idan aka ba shi kujera da littafi alhali ba ya jin harshen malaminsa. Mu nan babu buƙatar neman wanda ke koyon Turanci, domin duk ajin ne. Abin nema shi ne inda kowane yaro ya tsaya.

Nan ne ake samun matsala. A aji mai cike maƙil, malami yana faɗa, yara suna amsawa baki ɗaya. Muryar masu iyawa biyar ta isa ta rufa wa sauran asiri har su kai aji shida.

Akwai hanyar ganewa mai sauƙi da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta fito da ita, ta koyar da yaro daidai da matakinsa. Malami yana zama da yaro shi kaɗai na 'yan mintoci, ya nuna masa takarda mai haruffa, kalmomi, gajeren sakin layi da ɗan labari. Inda ya cije, nan ne matakinsa. Daga nan sai a raba yara rukuni-rukuni bisa iyawarsu na wani ɓangare na yini, a ajiye maganar shekaru ko aji a gefe, kuma a riƙa sake gwajin don wanda ya ci gaba ya haye rukuni na gaba. An gwada wannan a Borno, an kuma gwada a Wudil da Dawakin Tofa a jihar Kano da 'yan aji huɗu zuwa shida.

Idan kin yi gwajin da na ce, ki ƙara da shafi ɗaya na Hausa. Yaron da ya kasa duka biyun, matsalarsa karatu ne baki ɗaya, bai gane cewa harafi sauti yake wakilta ba, kuma da Hausa ya fi saurin ganewa, domin rubutunta yana bin furucinta kusan sau da ƙafa. Wanda ya karanta Hausa tsaf amma ya yi ta tuntuɓe a Turanci ya riga ya ci rabin tafiya. Abin da ya rage masa kalmomi ne da sautukan da babu su a Hausa. Ba mu bambanta "p" da "f", ba mu da "v" ko "th", kuma ba ma son baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma, shi ya sa "bread" ya zama burodi. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, kunne ne bai saba ba. Na uku shi ya fi ba ni tsoro: yaron da zai zuba miki Turanci kamar mai karanta labarai a rediyo, ki ce me aka ce, ya sunkuyar da kai. Shi ake tafa wa ranar bikin rabon kyaututtuka, shi ne kuma lissafi da kimiyya za su kayar idan tambayoyi suka zo cikin dogayen jimloli.

Masani Jim Cummins na ƙasar Kanada ya nuna cewa yaro kan iya hira da sabon harshe cikin kamar shekara biyu, amma harshen littafi da jarrabawa kan ɗauki shekara 5 zuwa 7. Yawancin yaran da ya yi nazari a kansu ma suna jin Turanci a titi kullum. Don haka "good morning sir" kada ya rufe miki ido.

A sama kuwa, doka sai juyawa take yi. Shekaru da dama Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi a koyar da harshen gida a aji ɗaya zuwa uku, Turanci ya karɓa daga aji huɗu. A ƙarshen 2022, lokacin Minista Adamu Adamu, gwamnatin tarayya ta amince a faɗaɗa shi zuwa duk shekaru shida na firamare. A Nuwamban 2025 Minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, ya ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga tushe, yana kafa hujja da faɗuwa a jarrabawa. Masana harshe da yawa sun ƙi yarda, suna tuna gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya fara a Ile-Ife a 1970, inda yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. A ganina, duk abin da aka rubuta a Abuja, yaron Kanya Babba da Hausa zai zo gobe da safe, kuma malamin da ya yi masa bayani da ita kafin ya ɗora kalmar Turanci bai yi laifi ba. Laifin yana wajen makarantun da ke cin tarar yara ko dukansu don sun yi Hausa. Abin da suke koya musu shi ne yin shiru.

A Jigawa an yi shirin ESSPIN na horar da malamai daga 2008 zuwa 2017, daga baya kuma aka kawo PLANE, duka da tallafin Birtaniya, wanda ya mai da hankali kan karatu da lissafi a azuzuwan farko. Amma horon da aka yi a Dutse ba ya nufin ya iso ajin ɗanki. Ke ce za ki bincika.

Ki je ki gaida malamin ajin, ko ki aika maigida, ko ki bi ta wakiliyar mata a kwamitin SBMC na makarantar. Ki tambaya cikin ladabi: "Malam, ka taɓa zama da shi shi kaɗai ya karanta maka? A ina ya tsaya, haruffa ko kalmomi? Me za mu riƙa yi a gida?" Idan yaron yana kasawa har a Hausa, ko sai an ɗaga murya yake juyowa, ko yana manna ido a littafi, a kai shi asibiti a duba kunne da ido kafin a ce ba ya ganewa. A gida kuma ki ci gaba da yi masa tatsuniya, ki sa ya maimaita miki da bakinsa. Bayan sallar magariba ki haɗa shi da yayansa na sakandare su yi minti 15: shi ya karanta sakin layi ɗaya na Turanci, sannan ya faɗa miki ma'anarsa da Hausa.