Saƙon Alhaji Zuwa Gida: Daga Wasiƙar Ayari Zuwa Wayar Salula

Dattawa sun sha ba mu labarin zamanin da mutum, in ya ɗaura niyyar sauke farali, sai ya biya bashin da ake binsa, ya bar wasiyya, ya bi maƙwabta gida gida yana neman gafara, domin wanda ya kama hanyar gabas ta Borno da Wadai da Darfur, ya ratsa ƙasar Sudan har Sawakin, ya haye Bahar Maliya zuwa Jidda, ba shi da tabbacin ko iyalinsa za su sake jin ɗuriyarsa. Tafiya ce ta shekaru, ana yi ana yada zango a yi noma ko ƙwadago a sami guzuri, har waɗansu suka zaune can ɗungurungum, kamar jama'ar Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu. Labari kuwa ba ya isowa gida sai a bakin wani mai komowa, ko a 'yar takardar ajami da aka ninke kamar laya aka danƙa wa madugu, wadda kan iso bayan jaririn da aka bari a goye ya isa shiga makarantar allo.

Ba wai duniyar Musulmi ta rasa tsarin aika saƙo ba ne. Masana tarihi suna jingina wa Halifa Mu'awiya kafa barid, wato manzanni masu sauya dabbobin hawa a kowane zango, sai dai wannan hidimar hukuma ce, talaka ba shi da rabo a ciki. Kalmar ta rayu har yau, don haka alhajin da ke neman gidan waya a Makka ko Madina sai ya tambayi maktabul barid. Abin da ya buɗe ƙofa ga kowa shi ne yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Bern a 1874, wadda ta mai da ƙasashen da suka shiga cikinta tamkar ƙasa guda a sha'anin wasiƙa, ta yadda kan sarkin da aka manna a Jidda ya wadatar har Kano. Amma alhajin jirgin sama, mai yin wata guda ko kwana arba'in, galibi yakan riga wasiƙarsa isowa, shi ya sa gidan waya a yau amfaninsa ga baƙo bai wuce aika kaya ba. Takari mazauna can su ne suka daɗe da wata dabara mai ban sha'awa, ta ɗaukar murya a kaset a ba wa alhazan garinsu, a taru a tsakar gida a saurara, tsohuwa tana amsa gaisuwa kamar mai maganar yana gabanta.

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, mas'alar ta koma ta zaɓi tsakanin hanyoyi biyu. Ta farko ita ce mutum ya tafi da layinsa na gida, kamfaninsa ya jingina shi ga wani kamfani na can, abin da ake kira romin. Fa'idarta ita ce lamba ba ta sauyawa, illarta kuwa tsada, domin a nan har wanda aka kira yakan biya, kuma mai barin data a buɗe yana iya wayar gari ya tarar kuɗinsa sun ƙare alhali bai yi magana da kowa ba. Ta biyu ita ce sayen layin Saudiyya, wanda Larabawa ke ce wa shariha, daga ɗaya cikin manyan kamfanoni uku, STC da Mobily da Zain, waɗanda ke da rumfuna a filayen jirgin Jidda da Madina da kuma kewayen Harami. Ba a bayar da shi sai da fasfo da hoton yatsa, saboda haka layin da wani ya miƙo maka a bakin titi, wanda aka yi wa rajista da sunan da ba ka sani ba, gara ka bar masa abinsa. A ganina mai hankali yakan haɗa biyun: layin can don kira da data, na gida kuma ya zauna cikin wayar a kashe masa data, domin ta kansa ne banki ke turo lambar sirri in za a taɓa kuɗi.

Akwai ƙananan abubuwa da ke ɗaure wa mutane kai. Mai kiran Nijeriya zai fara da +234, mai kiran Nijar +227, mai kiran Saudiyya daga gida +966, kuma wajibi ne a jefar da sifirin da ke farkon lamba, in ba haka ba kira ba zai shiga ba. Agogon Makka yana gaban na Kano da Zinder da sa'a biyu, don haka wanda ya idar da Asuba a Harami ya ɗauki waya cikin shauƙi, ya sani mutanen gida suna tsakiyar barci.

Sha'anin intanet shi ne ya fi bukatar bayani, domin ya tashi daga abin marmari ya shiga cikin tsarin ibadar kanta: izinin shiga Rauda a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta manhajar Nusuk ake nemansa, kuma wanda bai iya ba sai ya nemi mai taimaka masa. Hukumomin can sun sassauta takunkumin kira ta intanet a 2017, amma duk da haka alhazai sun sha tarar da kiran WhatsApp ya ƙi shiga alhali saƙon rubutu da na murya suna wucewa lafiya lau. Saƙon murya ɗin nan, in an lura, kaset ɗin Takari ne ya dawo da sabuwar riga, kuma shi ne ya fi dacewa da ranakun Mina da Arfa, lokacin da mutane fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, kamar yadda aka ƙidaya a 2023, suke cunkushe a fili guda, kowa yana neman hanya a sa'a guda. Kira yakan yanke, amma saƙo yakan jira har ya sami kafa ya wuce. A tantunan Mina wurin caji ya fi ruwan sanyi wuyar samu, saboda haka batirin ajiyar wuta yana cikin guzuri, da sharaɗin a sa shi a jakar hannu, don kamfanonin jirgi ba su yarda da shi cikin babbar jaka ba. Soket ɗin can mai baki uku ne irin na Nijeriya, sai dai alhazan Nijar, masu fulogi mai ƙafa biyu, su nemi mahaɗi tun daga gida. Batun masu ɗawafi da waya a sama suna nuna wa 'yan'uwa Ka'aba kai tsaye kuwa, na bar wa malamai hukuncinsa, ko da yake wanda aka taka wa ƙafa yana da nasa ra'ayin.

Wadda ta fi damuna ita ce tsohuwar ƙauye da 'ya'ya suka saya wa waya mai tsada ana gobe tashi, ba ta san inda ake taɓawa ba, ga zafi, ga gajiya, ga tantuna dubbai farare masu kama da juna. In ta ɓace wa ayarinta, ko batir ya mutu, abin da zai mai da ita masauki shi ne katin Nusuk da ke rataye a wuyanta, da takardar da wani mai tunani ya rubuta mata da manyan baƙaƙe, da boko da Larabci: sunan masaukinta, lambar tantinta, lambar jami'in alhazan jiharta, da 911 ta neman agaji a yankin Makka, da 997 ta motar asibiti. Sai a ninke ta, a sa a leda saboda gumi, a ɗinke mata a jikin jakar wuya.