'Yancin Addini da Iyakar Ikon Gwamnati a Tsarin Mulkin Nijeriya

Abin da za mu duba a yau shi ne yadda doka ta shata wa gwamnati iyaka game da addinin ɗan ƙasa. Maganar ta shafi kowa, amma ta fi shafar ma'aikacin gwamnati, domin a teburinsa ne ake fara kiyaye wannan haƙƙi ko a fara tauye shi.

Bari mu soma da asali. A 1957 Gwamnatin Ingila ta naɗa hukumar Sir Henry Willink don ta binciki tsoron da ƙananan ƙabilu ke yi na danniya idan an sami mulkin kai. A rahotonta na 1958 hukumar ba ta goyi bayan ƙirƙiro sababbin jihohi ba, sai ta ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Ta haka 'yancin addini ya shiga Tsarin Mulkin 1960, ya kuma ɗore har zuwa na 1999.

Kariyar tana da ginshiƙai biyu. Na farko shi ne sashe na 10, wanda ya hana Gwamnatin Tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin hukuma. Na biyu shi ne sashe na 38, wanda ya ba kowane mutum 'yancin tunani da aƙida da addini, har da sauya addini, da bayyana shi, da yaɗa shi, shi kaɗai ko cikin jama'a. Sashen ya ƙara da cewa ba za a tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba.

To, sai dai 'yancin ba sakaka yake ba. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi domin tsaron ƙasa, da zaman lafiya, da tarbiyyar jama'a, da lafiyarsu, ko kuwa don kare haƙƙin wasu. Amma da sharaɗi, watau sai ta hanyar doka, kuma dokar ta zama mai hujjar da hankali zai karɓa a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Ganin dama na shugaban ma'aikata ko na hedimasta bai isa hujja ba.

Shari'u uku za su nuna mana yadda ma'aunin ke aiki. A 2014 Babbar Kotun Jihar Legas ta goyi bayan hana ɗalibai mata sa hijabi a makarantun gwamnati. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wannan hukunci a 2016, sannan Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗaliban haƙƙinsu a 2022. A 2001 kuwa Kotun Ƙoli ta wanke wani likita da aka hukunta saboda ya mutunta nufin wata majinyaciya mai bin ɗariƙar Shaidun Jehobah, wadda ta ƙi a ƙara mata jini. Kotun ta ce baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani saboda imaninsa. Amma a 2019 kotun nan dai ta yarda a ƙara wa jariri jini ko da mahaifiyarsa ta ƙi, domin ran yaron haƙƙinsa ne, ba na iyayensa ba.

Idan muka jera waɗannan hukunce-hukunce za mu ga zare ɗaya ne ya ɗinke su. Kotu ba ta tambayar ko aƙidar mutum daidai ce; wannan tsakaninsa ne da Mahaliccinsa. Abin da take tambaya shi ne, wa zai cutu idan aka ƙyale shi? In babu kowa, gwamnati ta janye hannunta.

Saboda haka, ya ku ɗalibai da ma'aikata, duk sa'ad da takardar umurni ta zo gabanku wadda ta taɓa sutura, ko lokacin ibada, ko izinin gina masallaci ko coci, ku nemi dokar da ta dogara a kai. Wanda aka tauye kuwa, sashe na 46 ya buɗe masa ƙofar Babbar Kotu. Ku tuna, shingen da ya kare addinin maƙwabcinka yau, shi ne zai kare naka ranar da mulki ya koma hannun wani.