Mai Duba Gini da Soron Ƙasa

A watan Afrilu, ɗakin bulo mai rufin kwano a Batsari ba ya kwantuwa sai dare ya raba. Soron ƙasa mai kaurin bango kuwa, sanyi ƙalau. Wannan bambancin ne ake biyan ƙwararru su auna a manyan birane.

Hukumar IFC ta Bankin Duniya ce ta ƙirƙiro shaidar EDGE. Gida ba ya samunta sai ya rage kashi 20 cikin ɗari na wuta, da ruwa, da abin da ake ƙonawa wajen sarrafa kayan ginin. Mai dubawa yakan fara da zane. In an gama gini ya taka da ƙafarsa, ya auna taga, ya leƙa rufi, ya buɗe famfo, har rasidin kaya yakan nema, don magina ma sukan yi ha'inci.

A ƙauyukan Safana, tsohon magini ke wannan aiki. Ya murza tubali, ya ce kwaɓin bai ruɓa ba, a sake. A ganina idonsa bai gaza na wancan ba, takarda ce kawai ba ya bayarwa. Damuwarsa yanzu azara: giginya ta yi ƙaranci, shiga Dajin Rugu neman itace kuma kasada ce saboda 'yan bindiga.