Yaron Kwamfuta, Mai Ɗinke Aikin Ofis

Ba shi da shago, ba shi da allon talla. A ofis "yaron kwamfuta" ake ce masa, ko da furfura ta fara leƙo masa. Amma duk inda mutane da yawa ke aiki ɗaya ba su zauna ɗaki ɗaya ba, sai an nemi irinsa: sashen lafiya na ƙaramar hukuma kamar Gwandu, ƙungiyar manoman shinkafa a fadamar Kalgo, ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, wadda ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Shi ke tsara yadda rahoto, lissafi da umarni za su riƙa yawo tsakanin ma'aikata ta waya da kwamfuta, kada wani abu ya salwanta a hanya.

Damuwar ta girmi lantarki. Bayan Shehu Usmanu ya raba ragamar mulki a 1812, ƙanensa Abdullahi ya riƙe yamma, wato ɓangaren Gwandu, daga baya har Nupe da Ilori suka shigo ƙarƙashin Gwandu. Da magatakarda da hatimi da manzo bisa doki aka riƙe wannan nisa. Abin da ke hana magatakardan wancan zamani barci shi ne dai ke damun na yau: wa ya rubuta, wa ya gani, wace takarda ce ta ƙarshe?

Kayan aikinsa ba su da yawa. Laftof, wayar da ba ta rabuwa da caja, layi biyu saboda in sabis ɗin wannan ya ɗauke a koma wancan. Sai manhajoji: WhatsApp, Google Sheets inda mutum biyar za su cike jadawali ɗaya a lokaci guda, da DHIS2 da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke kula da ita, wadda ake zuba alƙaluman asibitocin Nijeriya a cikinta wata-wata. Wani a kwalejin kimiyya ta Waziri Umaru ya koya, wani a shagon buga takardu.

Sai dai iya latse-latse ba shi ne gwaninta ba. Tun 1984, lokacin da Irene Greif da Paul Cashman suka tara masana a Amurka kan yadda kwamfuta za ta taimaki aikin haɗin gwiwa, ake nazarin abin da ke kashe irin waɗannan tsare-tsare. A 1988 wani masani, Jonathan Grudin, ya sa yatsa a kan ciwon: wanda ke shan wahalar shigar da bayani daban, wanda ke cin moriyar daban. Dubi ma'aikaciyar ƙaramin asibitin ƙauye. Ta duba masu awon ciki tun safe, ta rubuta a rijista, ƙarshen wata ta kwafe a fom, yanzu kuma an ce ta ɗauki hotonsa ta tura, da datar da ta saya da kuɗinta. Rahoton zai yi kyau a teburin manya a Birnin Kebbi da Abuja. Ita ƙarin aiki kawai ta gani. To don me ba za ta makara ba?

Gwani kan fara ne da zama ya yi kallo. Zai lura cewa rabin manoman ƙungiya saƙon murya suke turawa, wasu ajami suka iya ba boko ba, kuma saƙon murya ba ya bincikuwa in an tashi neman wa ya karɓi buhun taki nawa. Sai ya bar su da muryarsu, shi kuma da daddare ya saurara ya mayar rubutu. Zai ga sanarwar taro ta nutse cikin barka da Juma'a da katin ɗaurin aure da ta'aziyya. Hana mutane zumunci neman rigima ne, don haka sai ya buɗe zaure biyu a WhatsApp: ɗaya na hira, ɗaya shugabanni kaɗai ke magana.

Akwai kuma abin da ba a koyarwa a aji, wato yadda za ka ce wa shugaba, "Ranka ya daɗe, ai wannan fayil ɗin na makon jiya ne," ba tare da ya ji an raina shi ba. Wasu ma da gangan suke riƙe bayani, don shi ne ƙarfinsu a ofis. Wata mai bincike mai suna Wanda Orlikowski ta tarar da haka a 1992 a wani kamfani da ya sayi manhajar Lotus Notes: ma'aikatan da ke gasar ƙarin girma ba su ga dalilin buɗe wa juna abin da suka sani ba.

Ranar da ya fi tsoro ita ce ranar canjin wurin aiki. Sau da yawa an buɗe akwatin saƙon ofis ne da lambar wayar mutum ɗaya, kalmar sirri kuma a kansa take. In takardar tashi ta fito aka mayar da shi Zuru ko Yawuri, aikin shekaru ya bi shi, sai a koma bugun waya ana roƙo ya karanto lambar da ta shigo masa.