Yadda Allurar Sanƙarau Ke Koya wa Jiki Gane Cuta

Daga shigowar hunturu zuwa faɗuwar damina, lokacin da ƙura ke turnuƙe Agadez har hasumiyar babban masallaci ta dushe wa mai hange, busasshiyar iska takan raunata cikin hanci da maƙogwaro, wanda hakan ke sauƙaƙa wa ƙwayar sanƙarau kutsawa cikin jini. Annobar 1996 kaɗai ta hallaka mutane kusan 25,000 a Afirka.

Ƙwayar cutar tana lulluɓe da wata riga ta sukari, kuma da wannan rigar aka haɗa tsohuwar allurar rigakafi, wadda kariyarta ba ta wuce 'yan shekaru, ba ta kuma kama yara 'yan ƙasa da shekara 2 sosai. Dalilin yana ga ƙwayoyin T, wato rukunin fararen ƙwayoyin jini da ke jagorantar garkuwar jiki. Su ba sa gane baƙo yana sukutum, sai wata ƙwayar ta haɗiye shi, ta daddatsa furotin ɗinsa, ta ɗora gutsure a kan wani ɗan faifai da ke jikinta mai suna MHC, sannan ta miƙa musu. Gwanayen wannan aiki su ne ƙwayoyi masu rassa, waɗanda Ralph Steinman ya gano a 1973, kuma a kaluluwa suke kai abin da suka kamo, shi ya sa take kumbura a hamata ko matsematsi idan miki ya ruɓe. Sai dai faifan gutsuren furotin yake ɗauka, ba sukari ba.

Nan ne hikimar MenAfriVac take, allurar da kamfanin Serum Institute na Indiya ya sarrafa, wadda Nijar da Mali da Burkina Faso suka fara yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29 a 2010. An ɗaure sukarin ne da furotin na dafin tetanus da aka kashe wa kaifi. Ƙwayar B, mai ƙera makaman da ke bin jini, takan cafko sukarin ta haɗiye shi tare da furotin ɗin, ta baje gutsurensa a faifai, ƙwayar T kuwa ta gani ta ba ta izini, daga nan a sami makamai masu ƙarfi da ƙwayoyin da ke riƙe kamannin cutar shekara da shekaru.

Sanƙarau nau'in A, wanda shi ne wannan allurar ke nuna wa jiki, ya kusan ɓacewa daga yankin, amma jiki abin da aka nuna masa kawai yake ganewa, shi ya sa nau'in C ya sami damar ɓarna a Yamai a 2015. Allurar Men5CV, wadda Najeriya ta fara amfani da ita a 2024, nau'i 5 take nuna wa jiki a lokaci guda.