Bayanin ya isa ko bai isa ba?

Salaga, Yendi da Bawku garuruwa ne na arewacin Gana. A ƙarni na 19, fataken Hausa suna zuwa Salaga sayen goro, su kai shi Kano da Sakkwato. Goro ɗari shi ake kira ƙwarya ɗaya. Farke nagari yakan tabbata bayanin da ke hannunsa ya isa kafin ya buga lissafi.

Ga misali. Wani farke ya sayar da goro a kasuwanni uku. Rabin kuɗin cinikinsa (1/2) ya fito daga Salaga, sulusi (1/3) daga Yendi, sauran kuma daga Bawku. Ya yi wa yaronsa alkawarin ushiri (1/10) na dukan cinikin. Sidi nawa yaron zai samu?

Da wannan kaɗai ba a iya ba da amsa. An san kashi-kashi, amma ba a san kuɗi ko ɗaya ba. Sai aka ƙaro bayani uku.

Na farko: cinikin Salaga ya fi na Yendi. Wannan bai ƙara kome ba, domin an riga an san rabi ya fi sulusi.

Na biyu: ya sayar da ƙwarya 2 a Bawku, wato goro 200. Wannan ma bai isa ba, domin ba a faɗi farashin ƙwarya ba.

Na uku: ya sami sidi 200 a Bawku. Wannan ya isa. Ga dalili.

A raba dukan cinikin kashi 6. Rabi shi ne 3/6. Sulusi shi ne 2/6. In an tara su, an sami 5/6. Saura 1/6, wato sudusi, shi ne na Bawku. Tun da kashi ɗaya sidi 200 ne, kashi 6 sidi 1200 ke nan. Ushirin 1200 kuwa 120 ne. Rabon yaro sidi 120 ne.

A gwada a gani: Salaga 600, Yendi 400, Bawku 200. Jimla 1200. Lissafi ya fita daidai.

Da farken ya yi cinta ya ba yaron sidi 100, da ya ci masa haƙƙin sidi 20. Saboda haka ɗalibi ya riƙe wannan: kashi kaɗai ba ya faɗin jimla, sai an san kuɗin kashi ɗaya.

Tambayoyi

1. Goro nawa ne a ƙwarya 5?
2. Me ya sa bayani na biyu bai isa ba?
3. In an ce cinikin Salaga ya fi na Yendi da sidi 200, bayanin ya isa? Don me?